Cikin Bara a Kotun Mama Lauya

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Asabar a Romi ba, ko da kuwa tsufa ya kai ni inda zan riƙa tambayar jikokina sunayensu. Ranar ce na tsaya gaban matar da na fi jin nauyinta a duk faɗin Kaduna, da kwat ɗina da taye, na buɗe baki na ɗora wa matata cikin da ba ta da shi. Da Turanci kuma, don abin ya ƙara armashi.

Ku bari in faro muku daga tushe. Wanda ya gama karatun shari'a a jami'a bai zama lauya ba tukuna. Sai ya wuce makarantar horar da lauyoyi ya yi shekara guda, sannan a ɗora masa farar hular nan mai kama da gashin tunkiya. Shekarar da muka gama, gurbin da aka ba jami'armu ya cika kafin a iso sunana, aka ce mu jira baɗi. Abokaina suka tafi, ni kuwa na dawo Makera da digiri a jaka, na kama koyarwa a wata 'yar makarantar kuɗi. (Yara da iyayensu Barista suke ce mini. Ban taɓa gyara musu ba, Allah Ya yafe mini.)

Da shekara ta zagayo aka sake buɗe neman shiga, ko gezau ban yi ba. Na taka kujera na sauko da ambulan ɗin bara daga saman sif, na hure ƙura, na zazzage a kan gado. Komai yana nan: kwafin takardun makaranta, ragowar hotunan fasfo, har da jawabin da na rubuta. Na shiga shagon kwamfuta aka canja mini kwanan wata a wuraren da ke buƙatar canji, na dawo gida ina fito kamar wanda ya ci zaɓe. Matata Rukayya tana shayar da jaririyarmu ta ce, "Abban Mami, ba za ka sake duba su ba?"

Na ce, "Me zan duba? Ni na canja ne ko dokar ƙasa?"

Abu ɗaya ne ba a saukowa da shi daga saman sif, wato sa hannu. Dole manyan lauyoyi biyu da suka daɗe a aiki su tsaya maka, su shaida sun san ka sun san halinka, kowanne kuma ya sa hannu a bayan hotonka guda. Na farko wani malaminmu ne na jami'a, a kan bonet ɗin motarsa ya rattaba mini, ko fuskata bai kalla ba. Na biyun kuwa Mama Lauya ce, kuma ran Litinin za a rufe karɓar fayil. In ban samu hannunta ran Asabar ba, sai wata shekarar, karo na uku ke nan.

Wanda bai san Mama Lauya ba zai ce me zai hana in nemi wani. Ai ba ya yiwuwa. 'Yar kudancin Kaduna ce, ta haura saba'in, kuma rabin lauyoyin da ke wannan ƙetaren kogin a hannunta suka koyi aiki. Duk wanda ka je wa, in ya san kana da hanya da ita, tambayarsa ta farko ita ce, "Mama ta ce me?" In ka fara kame-kame sai ya tuna yana da taro. Ni kuwa kowa ya san hanyata da ita: mahaifina tela ne, shi ya riƙa ɗinka mata kayan kotu tun ina rarrafe. Ina yaro nakan ji manya suna ba da labarin yadda take yi wa shaida tambayoyi, wai ba ta taɓa ɗaga murya ba, amma ƙato sai ya nemi a ba shi kujera. Ni dai a raina ita ce shari'a da kanta, ta ɗaura zane ta zauna a Romi.

Tana da wata al'ada da ba ta karyawa ga kowa. Ba ta sa wa mutum hannu sai ya tsaya a gabanta, a barandar gidanta, gaban sauran masu nema, ya faɗi da Turanci dalilin da ya sa yake son zama lauya. Kotun Mama muke kiran wurin. Bara na yi rawar gani ƙwarai. Na rubuta jawabi na haddace shi kamar karatun allo, kuma a tsakiyarsa na sa maganar da ta fi taɓa ni a lokacin, cewa matata tana da tsohon ciki, ina so abin da za a haifa ya buɗe ido ya ga ubansa cikin rigar lauya. (Da Hausa ko da bindiga ba zan iya faɗin haka gaban manya ba. Amma Turanci wani irin mayafi ne, mutum yakan ɓuya a cikinsa ya faɗi abin da ya ga dama.) Har ƙwalla na yi, kuma ƙwallar gaske. Mama ta gyaɗa kai ta sa hannu.

To jawabin da ya ci nasara, wa zai taɓa shi? Na dai yi bitarsa a banɗaki sau biyu, na ji yana nan daram a kaina. Rukayya ta ce in karanta mata ta ji, tunda bara ma ɓoye mata na yi. Na ce lauya ba ya gwaji gaban 'yan kallo.

Ran Asabar ta ce za ta raka ni. Mama ta aiko mata da turmin atamfa lokacin suna, ba ta samu ta je godiya ba, ga shi har yarinya ta fara tsayuwa da bango. Ku lura da wannan da kyau, jama'a: Mama ta san an haihu. Ta aiko da atamfa. Ni da kaina na karɓo atamfar. Amma ƙwaƙwalwata ta ajiye atamfa a ɗaki guda, jawabi a wani ɗakin, ta kulle ƙofar da ke tsakaninsu.

Muka tari keke daga Makera, muka bi ta Kakuri, ina riƙe da fayil a ƙirji don kada iska ta taɓa shi. Mun tarar da masu nema sun cika benci, samari da 'yan mata, kowa cikin baƙi da fari, kowa yana motsa leɓe yana bitar nasa. Mama tana zaune a kujerar roba, da zanen zaman gida da tabarau mai kauri, da tire a cinya tana kankare ɗanyar citta da ƙaramar wuƙa. Babu takarda a gabanta, babu littafi. Biro ɗaya ne a kan tebur, a rufe. Talo-talo biyu suna kai da kawo a tsakar gida. Duk da haka wallahi na shiga manyan kotuna daga baya, ban ji kwarjinin da na ji a barandar nan ba.

Rukayya ta durƙusa ta gaishe ta, ta yi godiya. Mama ta shafa kan Mami ta sa mata albarka, ta nuna musu tabarma a bayan inda ake tsayawa. Ni kuwa hankalina yana kan sakin layi na farko.

Aka yi mutum biyu, aka zo kaina. Na gyara taye, na goya hannu a baya, na saki Turanci. Kai, ranar murya ta ba ni haɗin kai! Na yi maganar adalci, na yi maganar talaka, na ga wata yarinya a kan benci tana kallona baki buɗe. Na ce a raina, yarinya, kallo ma kya yi. Ban ji abin da nake faɗa ba ko kaɗan, bakina ne kawai ke tafiya a kan tsohuwar hanyarsa. Na iso tsakiya, na sassauta murya yadda na yi bara, na ce, "Ya mai girma, a yanzu haka da nake tsaye a gabanki, matata tana ɗauke da tsohon ciki, haihuwa yau ko gobe."

Wuƙar citta ta tsaya.

"Dakata," in ji Mama, da Hausa, a hankali kamar mai tambayar farashin tumatir. "Ɗan Malam, matanka nawa?"

"Ɗaya, Mama."

"Ita ce ta gaishe ni ɗazu?"

"Ita ce, Mama."

"Ita ce mai cikin?"

A nan ne kunnena ya ji abin da bakina ya faɗa. Innalillahi! Wani talo-talo ya zaɓi daidai lokacin ya yi kukansa.

Mama ba ta ko kalle ni ba. Ta ce, "'Yata, taso nan." Rukayya ta taso da goyo, siririya kamar yadda na auro ta. "Juya in gani." Ta juya. Mama ta gyara tabarau ta ce, "Kwanika kika yi ne, da goyo a baya?"

Rukayya ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya. Daga cikin mayafin muka ji, "Wallahi Mama babu komai."

"Madalla. Kotu ta gani da idonta. Kwanto mini yarinyar."

Aka kwanto Mami, Mama ta ɗora ta a kan tebur kusa da fayil ɗina, ta riƙe ta da hannu ɗaya. "Ɗan Malam, ka san wannan?"

"Na san ta, Mama."

"Wace ce?"

"'Yata ce."

"Yaya sunanta?"

Ku da kuka san gida kun san an kai ni bango. 'Yar fari ce, kuma sunan mahaifiyata aka sa mata. Ban taɓa kama sunan nan da bakina ba. Na sunkuyar da kai na ce, "Sunan Hajiyarmu ta ci, Mama."

"Ka ji!" Ta juya ga benci. "Sunan ba ya iya faɗa saboda kunya. Amma cikin, shekara biyu a jere yana zuwa gidana yana shelarsa."

Benci ya fashe. Wani saurayi har da faɗowa ƙasa. Ni dai ina tsaye, gumi yana bin bayana, ina roƙon simintin barandar ya tsage in shige.

Amma ba wannan ne ya fi tsaya mini a rai ba. Da dariya ta lafa, Mama ta miƙa wa Rukayya yarinya, ta jingina da kujera, ta lumshe ido, ta ɗauki jawabina daga inda ta tsayar da ni. Da Turanci, kalma bayan kalma, har ƙarshe. Jawabin da ta ji sau ɗaya, shekara guda da ta wuce, cikin jawaban yaran da Allah kaɗai Ya san yawansu. Ta kawo inda na yi maganar rigar lauya, ta kawo inda na ambaci keken ɗinkin mahaifina, har wata kalma da na yi kuskuren furtawa bara ta furta ta yadda na yi. Kunyar ma sai ta ɗan matsa gefe, na tsaya ina kallonta kawai, domin ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Kuma a bakinta jawabin ya fi daɗi nesa ba kusa ba, har na ji kamar in tafa.

Ta buɗe ido ta ce, "Bara a nan wurin ka ciro hankici. Bana ma na ga hannunka ya nufi aljihu."

Hannuna kuwa yana kan aljihun. Na zare shi a hankali kamar ba nawa ba.

Sai fuskarta ta canja. Ta ce, "Bara na sa maka hannu saboda maganarka gaskiya ce. Bana ko harafi ba ka canja ba, amma ta zama ƙarya. Ka ga yadda abin yake? Na ga mutum ya kwana a gidan yari saboda lauyansa ya ɗauko tsohuwar takardar wani ya canja suna kawai, bai karanta ba. Kuma so kake in rubuta cewa na san halinka."

Ta ɗauki biron nan ta jefa shi cikin tire tare da citta. Ƙarar ba ta kai ta faɗuwar cokali ba, amma ni na ji ta kamar tsawa. Na hango Litinin, na hango wata shekarar a aji ana kirana Barista, na hango fuskar mahaifina in na ce masa Mama ta ƙi. A nan na fahimci ƙattin da ake ce suna neman kujera.

"Kafin in kira na gaba," in ji ta, "ajiye Turancin nan. Faɗa mini da Hausar da uwarka ta koya maka, me ya same ka a shekarar nan?"

Ba ni da abin da na haddace. Na tsaya ina inda-inda, sai kawai gaskiya ta fara fitowa, ba tsari ba ado. Na ce na ji kunya, Mama. Na ce ranar da abokaina suka sa hotunansu da hular lauya na kashe waya na ce wa Rukayya caji ne babu. Na ce nakan canja hanya in na hango ɗayansu. Na ce an haifi yarinyar nan ta buɗe ido ta ga ubanta da alli a hannu, kuma ko a jikinta, in na dawo dariya take mini.

"Sai me kuma?"

Na ce ba wani abu, sai dai maƙwabciyarmu Maman Godiya, mai tuyar ƙosai, mijinta ya rasu. Mai gidan haya ya zo ya cire mata ƙyauren ɗaki don ta tashi, ita da 'ya'yanta suna kwana da labule. Na je na same shi a shagonsa, na yi masa bayanin cewa doka ba ta yarda a tashi ɗan haya haka ba, sai an ba shi wa'adi, in ya ƙi a je kotu. Ya zage ni tas, ya ce lauyan bogi. Na koma washegari. Na sake komawa. Daga ƙarshe ya gaji da ganina ya ce in kwashi tsiyata. Ni na ɗauko ƙyauren a ka daga shagonsa har gida, na riƙe shi kafinta yana buga ƙusa.

"A ka?" in ji Mama.

"A ka, Mama. Yaran da nake koyarwa ma sun gan ni."

Ta daɗe tana kallona ta saman tabarau. Sannan ta ce, "Kana da wannan a hannu, ka tsallake shi ka je ka ɗauko mini cikin bara? Kai, ɗan Malam, Allah Ya shirye ka."

Ta tsamo biron daga cikin citta, ta goge shi da gefen zane. Ta jawo fayil, ta zaro hoton fasfo, ta kai shi kusa da ido, ta kalle ni, ta sake kallonsa. Hoton bara ne, kumatu cike, gashi ya sha mai, ina wani murmushi kamar na riga na ci shari'a.

"Wannan yaron ban san shi ba," in ji ta. "Wannan bai taɓa ɗaukar ƙyaure ba. Akwai mai hoto a bakin titi. Ina nan har in gama cittata."

Na kalli tire, saura 'yan ƙwarori. Jama'a, ban san ina da gudu ba sai ranar. Da kwat, da takalmi sau-ciki, na keta layin Romi, masu shago suna leƙowa suna tambaya ko ɓarawo aka biyo. Mai hoto ya ce in huta in goge fuska, na ce ɗauka kawai, malam. Hoton ya fito ido ja, taye ya karkace, goshi yana ƙyalli. Na dawo ina haki, na tarar ta riƙe ƙwara ta ƙarshe tana juya ta a hannu, ba ta ko fara kankare ta ba. Ta karɓi hoton ta duba, ta ce, "Yauwa. Wannan na san shi." Ta juya bayansa ta sa hannu.

Ni da Rukayya muka hau keke muka wuce Kakuri. Sai da muka kusa gida ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Abban Mami, in na haihu ka sanar da ni." Mai keke bai san zancen ba, amma da ya ga yadda na yi da fuska shi ma ya kama dariya.

Na samu shiga a shekarar, na gama, an ɗora mini hular. Biyu daga cikin mutanen bencin nan tare muka yi karatu, kuma har yau in mun haɗu a harabar kotu sai ɗayansu ya rage murya ya ce, "Barista, madam ta sauka kuwa?" Ni kuma in amsa da lafiya lau, don ba ni da bakin musu.

Abin da na koya dai bai taka kara ya karya ba, amma ya ishe ni aiki. Tsohuwar magana komai daɗinta, kafin ka sake fita da ita bainar jama'a, leƙa gida tukuna ka tambaya ko an riga an yi suna.